Ɗana Matuƙi, Kada Tausayi Ya Tayar Maka Da Jirgi

Ɗana, kai da Allah Ya ɗora wa tuƙin jirgin sama, ko kake kan koyonsa a Zariya ko a wata ƙasa, matso mu yi wata magana da ba kasafai malamanka ke tsayawa a kanta ba. Za su koya maka inji, su koya maka karatun yanayi, su saka ka cikin na'urar gwaji su kashe maka inji guda su ga yadda za ka yi. Duk wannan wajibi ne. Amma akwai ranar da babu abin da ya lalace a jikin jirgin, sai dai doka ta ce lokacin aikinka ya cika, ko hazo ya rufe garin da za ka, ko kamfani ya rasa inda abokin tuƙinka yake. Ranar za ka ɗauki jakarka ka fito, ka ratsa ta tsakiyar mutanen da suka yini suna jiranka a jajibirin biki, kowa da tsarabarsa. Ga tsohuwa a kan keken marasa lafiya, ga mai goyo tana jijjiga yaro, ga saurayin da gobe ne ɗaurin aurensa. Duk idanu a kan rigarka, domin a wurinsu kai ne kamfanin. Ba su san manaja ba, ba su san mai tsara jadawali ba, kai suke gani. Abin da zai bi ka har ɗakin otal a wannan dare, shi nake so mu duba.

Ba zan ce maka kada ka ji komai ba. Matuƙin da zai wuce waɗannan bayin Allah zuciyarsa ba ta motsa ba, ni kam ba na son ya ɗauki iyalina. Nauyin da kake ji shaida ce cewa har yanzu mutane kake gani a bayanka, ba lambobin kujeru ba. Tsorona shi ne inda nauyin zai kai ka idan ba ka iya riƙonsa ba. Wani yakan ci shi a hankali har aikin ya fita ransa. Wani kuwa yakan tunzura shi ya tayar da jirgin da bai kamata ya tashi ba, kuma wannan ya halaka mutanen kirki.

Bari in fara da abin da ya faru a Amurka a makon Kirsimeti na 2022. Wata guguwar sanyi mai tsanani ta mamaye yawancin ƙasar. Duk kamfanonin jirage sun soke tafiye-tafiye, amma cikin 'yan kwanaki sauran suka farfaɗo. Kamfanin Southwest ne ya kasa miƙewa. Daga 21 zuwa 31 ga Disamba ya soke tashi sama da 16,700, fasinjoji fiye da miliyan biyu suka maƙale. Kashegarin Kirsimeti kaɗai ya soke kusan 2,900, alhali gari ya riga ya washe a wurare da yawa. Jakunkuna suka taru tsibi-tsibi a filayen jirage babu masu su, mutane suka kwana a ƙasa, wasu baƙin juna suka haɗa kuɗi suka yi hayar mota suka kama hanyar yini da kwana.

Me ya kawo haka? Yawancin manyan kamfanonin Amurka suna da garuruwan da suka mayar cibiya, jirgi ya fita ya dawo gida, don haka idan abu ya rikice an san inda za a tattara jirage da ma'aikata. Jirgin Southwest kuwa yakan yi ta ratsa garuruwa ne, daga wannan zuwa wancan, ma'aikata na sauka wasu na hawa. Da ƙanƙara ta daskarar da aiki a Denba da Shikago, sai jirgin da ake jira a gari na uku bai zo ba, matuƙan da za su karɓe shi a gari na huɗu suka zauna zaman banza, abin ya yi ta yaɗuwa. Manhajar da kamfanin ke haɗa matuƙi da jirgi da ita ta kasa ɗaukar yawan sauye-sauyen, aka koma yi da hannu. Matuƙi sai ya buga waya ya faɗi inda yake kafin a ba shi aiki, layin kuwa a cushe, mutum ya shafe sa'o'i yana jiran a ɗauka. Ka duba wannan hali da kyau: ga jirgi da mai a cikinsa, ga fasinjoji a ƙofa, ga kyaftin sanye da kayan aiki, ya huta, yana son tafiya, amma babu wanda zai rubuta sunansa a kan wannan tafiyar. Yana riƙe da waya agogon aikinsa na gudu, har lokacin da doka ta ba shi ya ƙare bai motsa ba. Abin ya kai ana aika saƙo cikin ɗakin tuƙi ana roƙon matuƙa su faɗi su wane ne ke cikin jirgin, don ofis ya daina sani.

A lokacin, shugabannin ƙungiyar matuƙan kamfanin sun fito a talabijin suna jajanta wa fasinjoji, suna cewa sun gaji da ba da haƙuri a madadin kamfani. Ranar 9 ga Fabrairu 2023 shugaban ƙungiyar, Kyaftin Casey Murray, ya zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya ce sun shekara da shekaru suna gargaɗi a kan tsufan wannan tsari ba a saurare su ba. A wannan zaman kuma, babban jami'in gudanarwa na kamfanin, Andrew Watterson, ya amsa cewa sun yi kuskure. A Disamba 2023 Ma'aikatar Sufuri ta ci kamfanin tarar dala miliyan 140, ban da sama da dala miliyan 600 da ya mayar wa fasinjoji.

To, ɗana, a duk wannan labari nuna mini laifin matuƙin da ya tsaya a ƙofar jirgi yana kallon yara suna kuka. Bai saukar da ƙanƙara ba. Bai sayi manhajar ba, ba shi ya ƙi sabunta ta ba. Amma shi ne ya ga fuskokin, waɗanda suka yanke shawarar da ta jawo abin kuwa suna can nesa a ofis, lambobi kawai suke gani a allon kwamfuta. Haka duniya take sau da yawa: mai kusa da wanda aka cuta shi ke jin zafi, ko da ba shi ya yi cutar ba. Don haka abu na farko da nake so ka koya shi ne rabon kaya. Idan ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka tambayi kanka da gaskiya: a cikin abin da ya faru yau, wanne ne daga Allah, wanne ne daga kamfani, wanne ne daga hannuna? Na Allah ka sallama. Na kamfani ka mayar masa da abinsa ta hanyar da ta dace, zan zo kan wannan. Naka kuwa, idan akwai, ka rungume shi ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya makara saboda sakaci, ko ya ce ba shi da lafiya alhali biki yake son halarta, ya sa aka soke tafiyar mutane, wannan nadama ta kama shi, ya nemi gafara ya gyara hali. Amma kada ka kwashi kayan mutum uku ka ɗora a kanka kai kaɗai, kana ganin wannan shi ne mutunci. Ba mutunci ba ne, hanya ce ta karyewa.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar 10 ga Maris 1989, a ƙasar Kanada, jirgin Air Ontario ƙirar Fokker F28 ya taso daga garin Thunder Bay zai je Winnipeg, da ɗan yada zango a wani ƙaramin gari mai suna Dryden. Lokacin hutun 'yan makaranta ne, jirgin cike da iyalai, da yawansu suna da wasu jiragen da za su tarar a Winnipeg. Kyaftin George Morwood ne ke tuƙi, mutum mai sa'o'in tuƙi wajen 24,000, wanda aka shaide shi da bin ƙa'ida da kula da fasinja. Ka riƙe wannan: ba ɗan ganganci ba ne.

Tun safe abubuwa suka yi ta cin karo. Ƙaramin injin da ke ba jirgi wuta da iska a ƙasa, wanda da shi ake tayar da manyan injina, ba ya aiki. A Thunder Bay aka ƙaro masa fasinjojin wani jirgi da aka soke, nauyi ya yi yawa. Shi ya so a sauke ƙarin mutanen, ofis ya ce a rage mai, aka ƙara ɓata lokaci. Da suka sauka Dryden don shan mai, sun makara da kimanin sa'a guda, dusar ƙanƙara kuma ta fara zuba. Filin ba shi da na'urar tayar da injin irin wannan jirgi daga ƙasa, saboda haka idan ya kashe injinan biyu, jirgin ya zauna ke nan, mutanen nan duka sun maƙale a ƙaramin gari a farkon hutunsu. Sai ya bar inji ɗaya yana aiki. Ƙa'idar kamfanin kuma ta hana wanke ƙanƙara daga fukafukai muddin inji na kunne. Ka ga tarkon? Ya wanke fukafukai, ya watsa hutun mutum sittin da wani abu. Ya bar su yadda suke, ya yi fatan iska za ta kakkaɓe ƙanƙarar idan jirgi ya fara gudu. Waɗanda suka gan shi yana waya da ofis a cikin ginin filin sun shaida ransa a ɓace yake. Da suka nufi titin tashi, sai da suka sake jira don wani ƙaramin jirgi da ke neman sauka cikin gaggawa, ƙanƙara na ta taruwa.

Fiffiken jirgi yana ɗaga shi ne saboda yadda iska ke bin bayansa sumul. Ƙanƙara ko da siririya ce, in ta yi kaushi-kaushi a kansa, takan wargaza wannan tafiyar iska, ƙarfin ɗagawa ya ragu ƙwarai. Jirgin ya bar ƙasa da ƙyar, ya kasa yin sama, ya afka cikin itatuwa ƙasa da kilomita ɗaya daga ƙarshen titin. A cikin mutum 69 da ke ciki, 24 suka mutu, har da matuƙan biyu. Kwamitin da Alƙali Virgil Moshansky ya jagoranta ya fitar da rahoto a 1992 da shawarwari 191, bai tsaya kan kyaftin kaɗai ba, ya bi sawun laifin har cikin kamfani da hukumar da ke sa ido. Amma duk da haka, hannun da ya tura injin a ranar na mutumin da ba ya son ya ba fasinjojinsa kunya ne. Da ya kashe injinan nan, da an zage shi, da an rubuta wa kamfani takardun koke, da wasu yara sun yi kuka a wani masauki a Dryden. Da kuma duk sun ga gobe.

Shekara goma sha biyu kafin hatsarin Dryden, ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, cike da masu tafiya hutu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. An karkatar da su can ne saboda fashewar bam a filin da suka nufa. Kyaftin na KLM, wanda shi ne babban mai horar da matuƙan kamfanin a kan wannan ƙirar jirgi, yana fama da tunanin cewa lokacin aikinsu na gab da cika, in ya cika kuwa dole kowa ya kwana a tsibirin. Ya fara gudun tashi ba a ba shi izini ba, jirgin Pan Am na kan titin.

Kada ka ce labarin Turawa ne. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin haya da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta ya faɗi, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna akwai tayoyin da iskarsu ba ta kai ba, an san da haka a ƙasa, amma gudun jinkiri ya sa aka sallami jirgin, matuƙan ma ba a gaya musu ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, jirgin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari da iska, ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Allah Ya jiƙansu da rahama. Rahoton binciken ya lissafa shawarar tashi cikin wannan yanayi a cikin musabbaban hatsarin. Mun yi imani babu ran da zai wuce kwanansa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma zai tambaye mu a kan amanar da aka ba mu.

Ka san mai fito a bakin kogi ranar kasuwa. Ruwa ya cika ya tumbatsa, mutane sun taru da kayansu, wannan na roƙo, wancan na zagi, wata na cewa tumatirinta zai ruɓe. Idan ya ɗaure kwalekwalensa ya ce yau ba a haye ba, babu wanda zai gode masa, don babu wanda zai ga hatsarin da bai faru ba. Aikinka ke nan. Mafi kyawun shawarar da za ka yanke a rayuwarka ta tuƙi, mai yiwuwa tsaki da harara za a biya ka da su. Magabata sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dokokin hutu da kake jin kamar sun ɗaure maka hannu, ka san ba don jin daɗinka aka yi su ba. A Amurka an tsaurara su ne bayan jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a Fabrairu 2009, mutum 50 suka mutu, batun gajiyar matuƙa ya fito fili. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairu 2014 ta ce sai matuƙi ya sami hutun aƙalla sa'a 10 kafin aiki, a ciki da damar barcin sa'a 8 ba yankewa. Tsawon aikin yini kuwa tsakanin sa'a 9 ne zuwa 14, gwargwadon lokacin da aka fara da yawan sauka da tashi. Kafin kowace tafiya sai ya tabbatar da bakinsa cewa yana da ƙarfin yin ta. A nan gida ma hukumar kula da harkar jiragen sama, NCAA, na da nata ƙa'idojin. Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar Amurkan ta yarda a ƙara har sa'a biyu idan wani abin ba-zata ya taso, amma sai da amincewar kyaftin. To a nan ne za a kira ka, cikin murya mai laushi, a ce ko za ka taimaka ka ƙara? Mutane na jira, gobe biki. Idan da gaske kana da ƙarfi, ƙara, ladanka na wajen Allah. Idan kuwa idonka ya yi nauyi, ka karanta layi ɗaya sau biyu ba ka fahimta ba, to amsarka a'a ce, kuma babu wanda ke bin ka bayani mai tsawo. Wani bincike da aka buga daga Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Za ka yarda mashayi ya tuƙa mahaifiyarka don kawai yana tausayinta?

Akwai wani nauyi na musamman a kanka, kai ɗan gidanmu. An tarbiyyantar da kai kada ka musa wa babba, kada ka ɗaga murya gaban na gaba da kai, ka ji kunyar mai furfura. Tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da ita. Amma lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da ƙura ke rufe Kano da Maiduguri da Sakkwato, daidai lokacin bukukuwan ƙarshen shekara da ɗaurin aure, za ka ɗauko wani mai rawani ko mai muƙami, ka iso saman gari ka tarar nisan da ake iya gani bai kai abin da ƙa'idar filin ta gindaya ba. Za ka juya da shi Abuja. Zai aiko a gaya maka ko ka san ko shi wane ne. Ka amsa cikin ladabi, ka ba shi girmansa, kada ka sauka. Dokar jiragen sama ta duniya ta ba kyaftin magana ta ƙarshe a kan jirginsa, ta ba shi ne saboda irin wannan rana. Idan kuma kai ne mataimaki, a kujerar dama, ga kyaftin sa'an mahaifinka, ka ga abin da bai kwanta maka ba, faɗi. A Dryden akwai fasinjojin da su ma matuƙa ne, sun ga ƙanƙarar a kan fiffike ta taga, ma'aikaciyar jirgin ma ta gani, maganar ba ta isa ɗakin tuƙi ba, kowa na ganin kyaftin ya fi shi sani. A Tenerife injiniyan da ke zaune bayan kyaftin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, aka amsa masa da ƙarfi cewa ya bari, ya yi shiru.

To idan ka ƙi tashi, sai me? Kada ka sulale ta ƙofar baya. Wannan ne wurin da tausayinka ke da aiki. Fito ka karɓi abin magana a ƙofar shiga jirgi, ka gaya wa mutane gaskiya da harshen da za su gane: ga dalili, ga abin da na sani, ga lokacin da zan dawo muku da labari. Kada ka ce saura minti goma alhali ba ka da tabbas, don ƙarya ɗaya takan rushe duk haƙurin da aka tara. Mutane na iya jure jinkiri fiye da yadda ake zato. Abin da ba sa jurewa shi ne a bar su cikin duhu kamar ba su da daraja. Sannan ka dubi ma'aikaciyar kamfanin nan da ke bayan kanta tana sauraron fasinjoji, wadda albashinta bai kai rabin naka ba, ita ce ke shan zagin tun safe. Tsayuwarka kusa da ita na ɗan lokaci da rigar nan taka takan sanyaya wuri. In ka ga tsoho ko mai jinya ko mace da ƙananan yara, ka sa baki a fara ba su masauki. Ba za ka iya kai su gida a daren ba, amma wannan kam yana hannunka.

Kayan kamfani kuwa, na ce za ka mayar masa. Hanyar ita ce rubutu. Duk kamfanin kirki na da tsarin kai rahoto, ga kuma ƙungiyar matuƙa. Rubuta abin da ya faru, da lokaci, da wanda ka kira bai ɗauka ba, ba zagi, ba ƙari. Abin da ya ba matuƙan Southwest bakin magana a gaban majalisa shi ne gargaɗin da suka daɗe suna yi yana nan a rubuce. Ɓacin ran da ka zuba a takarda yana iya hana a maƙalar da wasu baɗi. Wanda ka haɗiye kuwa hawan jini kawai zai zama.

Idan ka isa masauki, ka yi sallarka, ka kira gida, ka ajiye waya. Kada ka shiga Facebook kana neman abin da aka ce a kanka, za ka samu, kuma ba zai ƙare ba. Barcin nan ba naka ba ne kai kaɗai, haƙƙin fasinjojin gobe ne. Wanda ya kwana yana juyi yana tuna fuskokin jiya, ya zalunci mutanen da za su hau bayansa da safe. Ka kuma tuna kai ma a maƙale kake. 'Ya'yanka ma sun yi kwalliya ba ka gani ba. Ba laifi ba ne ka ji zafin wannan.

In abin ya ƙi wucewa, kwana da kwanaki barci ya ƙaurace, ka fara jin faɗuwar gaba idan ka ga jadawali, ko ka fara huce haushi a kan iyali, to ka buɗe baki. Na san abin da ke rufe bakin matuƙa: tsoron kada likita ya ji, a karɓe takardar shaidar lafiya, abinci ya tsaya. Saboda wannan tsoro ne aka ƙirƙiro tsarin da matuƙi ke kiran ɗan'uwansa matuƙi da aka horar, su yi magana a asirce. Matuƙan American Airlines na da irinsa mai suna Project Wingman. Tarayyar Turai, bayan hatsarin jirgin Germanwings a 2015, ta wajabta wa kamfanoninta su samar da irin wannan tallafi. Inda babu shi, nemi tsohon kyaftin da ka yarda da shi, ko malamin da ya san sirri, ko matarka idan Allah Ya ba ka mai fahimta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka nemi sauƙi a kwalba ko a ƙwaya. Wannan ya raba mutane da yawa da aikin da suka sha wuya kafin su samu.

Kai kuma mai karatu da ba ka tuƙi, wanda wurinka na baya, ina da 'yar magana da kai. Haushinka na kan hanya, kuɗinka ne, lokacinka ne, wataƙila jana'iza ce ta wuce ka. Amma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Dokokin kare fasinja sun ɗora wa kamfani nauyin abinci da masauki da mayar da kuɗi gwargwadon hali. Ka nemi haƙƙinka a can, ka adana tikiti da rasit, ka kai ƙara hukuma idan an ƙi. Kada ka tare matuƙi kana cewa ai wani jirgin ya tashi, me ya hana naka. Ba ka san na'urorin da ke cikin wancan ba, ba ka san filin da ya nufa ba, ba ka san tun yaushe wannan yake a farke ba. Kana matsa masa ne ya yi caca da ranka.

Ɗana, abu na ƙarshe. Shawarar ƙin tashi ba a ƙofar jirgi ake yanke ta ba, don a can idanu sun yi yawa, zuciya kuma tana da rauni. Tun kana gida, hankalinka kwance, ka zauna ka shata wa kanka iyaka: yanayin da ba zan tashi a cikinsa ba, gajiyar da in na kai ta ba zan ƙara ko minti ɗaya ba, lalacewar da ba zan karɓi jirgi da ita ba ko da takarda ta halatta. Sannan duk ranar da ka hau aiki a lokacin biki, kafin a rufe ƙofa, ka juya ka dubi abokin tuƙinka ka ce masa: yau za a matsa mana, idan ka ga na fara neman dalilin tafiya alhali alamu na cewa a tsaya, ka faɗa mini kai tsaye, in ban ji ba ka maimaita da ƙarfi, ni ma haka zan yi maka.